Me ake samu a wasan rok na ido da ido wanda waya ba ta bayarwa?

Tambaya: Malam, na ji an ce ka daɗe kana haɗa sauti a wuraren wasa. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina karatu a Turai. Tun ina sakandare nake sauraron kiɗan rok a waya, amma ban taɓa zuwa inda ake yin sa ido da ido ba. Abokaina sun matsa mini in sayi tikiti, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Me mutum yake samu a can wanda ba zai samu a waya ba? Kuma kai wane wasa ne ya fi tsaya maka a rai?

Amsa:

Ka je, ƙanena. Sai dai kafin ka zuba kuɗinka bari in gaya maka abin da za ka je nema, domin na ga mutane da yawa sun sayi tikiti mai tsada, sun koma gida ba su tsira da komai ba sai bidiyo mai rawa a waya da kunne mai shuuu. Aikina tsayuwa a bayan miksa, in haɗa ganga da jita da murya su fita ta lasifika yadda kunne zai karɓa. Na yi shi a bukukuwan aure a Agadas da Yamai, na kuma bi makaɗa zuwa Turai. Mai wannan aiki idonsa na kan abu biyu a lokaci guda, makaɗa a gabansa, jama'a kewaye da shi, don haka yakan ga abin da ke gudana tsakaninsu.

Mukan ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To a wurin wasa ita ma rawa tana sauya kiɗa. Mai ganga yana kallon ƙafafunku, mai jita yana jin ihunku, sai hannunsa ya yi abin da bai shirya yi ba tun daga gida. Waƙar da ke cikin wayarka an gama ta an rufe, ko ka saurara ko ka yi barci ba ruwanta. Wadda ake yi a gabanka kuwa da kai ake yin ta. Duk daren da ya zauna mini a rai, idan na bi diddigi, daren da hakan ta faru ne, kuma da wannan nake auna kowane wasa, babba ko ƙarami.

Akwai kuma abin da ya shafi jiki zalla. Sauti iska ce ke kaɗawa. Babbar gangar nan da ake takawa da ƙafa, da jitar bas, suna fitar da amo mai kauri wanda ke kaɗa iska wajen sau 40 zuwa 100 a daƙiƙa guda. 'Yar lasifikar da ke cikin waya ba ta da girman da za ta tura iska haka, don haka wannan ɓangaren duka ba ya fitowa. Abin sawa a kunne yakan kawo shi, amma iyakarsa kunnen. A wurin wasa kuwa manyan akwatunan da ake jerawa a gindin dandamali, masu lasifika inci 18, iskar ɗakin gaba ɗaya suke turawa. Za ka ji dukan a ƙirjinka, ka ji ƙafar wandonka na motsi. Haka ma dogon kukan nan na jitar lantarki. Mai jita ya matsa kusa da amfulifayarsa, wato akwatin da ke ƙara wa jitar ƙara, ƙarar da ke fitowa ta sake kaɗa tsirkiya, tsirkiyar ta mayar da ita cikin amfulifaya, sai sautin ya ƙi mutuwa. Wannan na cikin abin da Jimi Hendrix, shahararren mai jitar Amurka, ya yi suna da shi. Taku ɗaya gaba ko baya yana canja shi, shi ya sa ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa a Agadas ne, a bikin aure, a kan yashi.

Na san wani zai ce kiɗan Abzinawa ai ba rok ba ne. Ya je ya saurari Mdou Moctar, bahagon nan da ya fara da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke, sannan ya dawo mu yi magana. Wannan kiɗa ya tsiro ne cikin matasan Abzinawa da fari da talauci suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. Daga cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta fito, waƙoƙinta suka riƙa yawo a kaset hannu zuwa hannu, har ta kai ga karɓar kyautar Grammy a 2012. A ɓangaren Nijar marigayi Abdallah Oumbadougou na cikin waɗanda suka share hanya. Da kiɗan ya zauna a Agadas sai yaran garin suka ƙara masa saitin ganga da gudu da ƙara. Bombino, fitaccen mai jitar Agadas, da kansa bai ɓoye cewa ya koyi abubuwa daga kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler ba. Kuma makarantar duk waɗannan makaɗa ita ce bikin aure. Etran de l'Aïr, 'yan gida ɗaya ne, tun tsakiyar shekarun 1990 suke wasa a bukukuwan Agadas kafin duniya ta ji sunansu.

Ga yadda abin yake. Da yamma ake kawo kaya, wasu a bayan babur, wasu a kura. A shimfiɗa darduma da tabarmi a wani fili a bakin unguwa. Babu dandamali. Amfulifaya a ɗora ta a kan kujerar roba don kada ta sha yashi. Janareta a ja shi can nesa da doguwar waya, a bayan katanga idan akwai, don kada gurnaninsa ya shiga makirufo. Babbar ganga takan zame a yashi duk lokacin da aka taka ta, sai a tokare ta da dutse, wani lokaci ma yaro ne zai zauna a gabanta ya riƙe ta da hannu biyu, kuma ba ya yarda ya bar wa kowa wurin. Mata su zauna gefe guda cikin mayafai, maza da rawuna su tsaya daga baya, wasu a kan baburansu, yara kuwa a gaba har gwiwarsu na taɓa ƙafar mai jita. A bar fili a tsakiya.

Jita biyu ce. Ɗaya tana maimaita layi guda ba ta gajiya, ɗayar tana yawo a kansa. Mai yawon ba ya riƙe ɗan robar nan na kaɗa tsirkiya, da yatsu yake yi, babban yatsa na dukan tsirkiyar sama tana amo ɗaya ba fashi, manuni na zuba sauran. A hankali ake farawa. Sai tafi ya shigo daga wajen mata, kuma tafin nan ya girmi jita, daga kiɗan tende ya zo, inda ake ɗaure fata a bakin turmi mata su kewaye shi da waƙa. Tafin yana tafiya bibbiyu, ganga tana tafiya uku-uku, suna saɓawa suna haɗuwa, a tsakanin saɓanin nan ne jiki yake kasa zama. Masu rawa su fito biyu ko huɗu, su fuskanci juna, taku ƙanana, kafaɗa da hannu na aiki, su koma, wasu su fito. Mai ganga ba ya kallon mai jita, ƙafafun masu rawa yake kallo. Idan ya ga sun ɗauka sai ya ƙara gudu kaɗan, su bi shi, ya sake ƙarawa. Waƙar da a faifai minti biyar ce sai ta kai minti ashirin, ƙarshenta ya ninka farkonta sauri, ba kuma wanda zai iya nuna maka inda aka canja.

A daren da nake ba ka labari, an kai wannan matsayi. Ƙura ta tashi har dogon ƙwan fitilar da aka rataye a sanda ya koma ja. Ana ta guɗa, ana cusa wa mai jita kuɗi a rawani. Wata tsohuwa, da alama kakar amarya ce, ta miƙe daga cikin mata ta shigo fili, matasa suka dare suka ba ta wuri. Ana cikin haka man janareta ya ƙare. Fitila ta mutu, jita biyun suka yi tsit, makirufo ya mutu. Mai ganga bai tsaya ba, don shi ba ruwansa da wuta. Tafi bai tsaya ba. Matan suka ɗauki waƙar daga inda mawaƙin ya bar ta, a cikin duhu, murya sama da ɗari. Yara suka kunna fitilun waya suka haska wa tsohuwar ƙasa, ita kuwa ko a jikinta. Ni ina can ina zuba mai daga jarka hannuna na rawa, ina jin waƙar ta fi ƙarfin yadda take lokacin da akwai lasifika. Da janareta ya tashi, mai jitar bai yi gaggawa ba. Ya tsaya yana kaɗa kai, ya bar matan suka kai ƙarshen baiti, sannan ya faɗo da kuka guda mai tsawo daidai kan dukan ganga. Ihun da aka yi a lokacin, ban sake jin irinsa a wani fili ba. Kayan da muka yi aiki da su a daren duka ba su kai kuɗin makirufo ɗaya na manyan wasannin Turai ba.

Idan ka san wannan za ka gane nauyin abin da ya faru a Janairun 2010. A tawayen da ya ɓarke a 2007 an ɗauki jita a matsayin alamar 'yan tawaye, makaɗa suka shiga uku, Bombino ya yi gudun hijira zuwa Barkina Faso. Da aka yi sulhu ya dawo, aka shirya masa wasa a gindin babban masallacin Agadas, mai hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, da amincewar Sarkin Abzin. Mutum sama da dubu suka taru. Waɗanda suka je wurin sun je ne su ga da idonsu cewa an daina jin tsoro. Irin wannan ne ya sa raina ke ɓaci duk lokacin da na tuna bikin hamada na ƙasar Mali, wanda aka fara a 2001, aka yi shekaru ana yin sa a Essakane ta wajen Tumbutu. Robert Plant na Led Zeppelin ya yi wasa a can a 2003, Bono na ƙungiyar U2 ya halarci bikin a 2012, daga wannan shekarar yaƙi ya rufe shi. Masu ɗauke da bindiga da suka kama arewacin Mali sun hana kiɗa, makaɗa da yawa suka watse.

A Yamai kuma salon daban ne. Tal National, waɗanda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, an san su da wasan sa'o'i biyar a dare ɗaya, dare da yawa a mako. Makaɗin da ya sha irin wannan horo yana karanta taro tun kafin ya gama ɗaura jitarsa.

Yanzu bari in kai ka inda kake. Matsalar manyan filaye tun asali ita ce yadda makaɗi zai ji kansa, balle ya ji mutane. Ranar 15 ga Agusta 1965 'yan ƙungiyar Beatles ta Ingila suka yi wasa a filin Shea a birnin Niyok gaban mutum 55,600. Amfulifayarsu wat 100 ce, muryoyinsu kuma an bi da su ta lasifikar filin. Ihun 'yan kallo ya binne komai. Mai gangarsu, Ringo Starr, ya sha faɗa cewa motsin jikin abokansa yake kallo daga baya don ya san inda aka kai a waƙa. Shekara guda bayan nan, a ƙarshen Agustan 1966, suka daina yawon wasa gaba ɗaya. Taro ya taru, suna ya yi suna, amma babu mai jin wani. Daga irin wannan wahala sana'armu ta girma. Aka fara ajiye ƙananan akwatuna a gaban makaɗa suna fuskantarsu don su ji kansu. A 1974 'yan ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka suka gina katangar lasifika wajen 600 a bayansu, don su riƙa jin daidai abin da jama'a ke ji. Nauyinta da kuɗin ɗaukarta suka sa ba ta daɗe ba. Yau dogayen jerin akwatunan nan da ake ratayewa dama da hagu suna iya kai sauti mai tsabta har ƙarshen fili, makaɗa kuma na sa abin ji a kunne. Har sai da aka koma ana kafa makirufo ana fuskantar da shi ga 'yan kallo, don a mayar wa mawaƙi ihunsu cikin kunnensa, in ba haka ba sai ya ji shi kaɗai ne a wurin.

Duk da haka babban fili yana iya kamawa, idan aka samu wanda ya iya. Ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi wasan Live Aid don tara kuɗin taimakon yunwar Habasha, mutum 72,000 a filin Wembley na Landan. Manyan makaɗa sun hau sun sauka a ranar, amma minti ashirin da 'yan kai da 'yan ƙungiyar Queen suka yi shi ake ta magana har yau. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya kalla: mawaƙinsu Freddie Mercury ya ba jama'a aiki. Ya ja murya su amsa, ya ƙara tsawo su bi, ya sa fili guda tafi a tare. Mai waƙa da 'yan amshi ne, abin da kowane ɗan Hausa ya sani tun daga dandali, sai dai 'yan amshin sun kai dubu saba'in. Ga wani abu da za ka lura da shi idan ka samu kanka a saman irin wannan fili. Sauti yana tafiyar mita 340 da ɗoriya a daƙiƙa, don haka wanda ke nesa da mita 100 yana jin dukan ganga bayan kusan sulusin daƙiƙa. Hannuwan gaba su riga tashi, na baya su biyo, sai ka ga tafin yana gudu daga gaba zuwa baya. Saurin sauti ne kake gani da idonka. Saboda wannan jinkiri ne muke kafa wasu lasifikoki a tsakiyar fili, mu riƙe sautinsu na ɗan lokaci har na dandamali ya iso, su tafi tare.

Kada kuma ka ɗauka yankinmu baƙo ne a wannan harka. Ranar 6 ga Maris 1971, bikin cikar Ghana shekara 14 da samun 'yanci, Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner sun yi wasa a dandalin Black Star na Akra har gari ya waye. A shekarun nan ne kuma Najeriya ta yi nata 'yan rok, irin su BLO da Ofege da Funkees.

Ɗakin da na fi tunawa a Turai ƙarami ne, a wani gari a Beljiyam, cikin hunturu, mutum 'yan ɗaruruwa. Na je da wasu makaɗan Agadas. Da rana da muka gwada kaya ɗakin sai amsa-kuwwa yake, ganga na dukan bango tana dawowa, yaran suka damu. Na ce su kwantar da hankali, jikin mutane da rigunan sanyi za su shanye wannan, haka kuwa aka yi. Abin da ban iya gyara musu da miksa ba shi ne shirun mutanen. Turawan sun tsaya cik, hannu a harɗe, suna saurare da ladabi, sai an gama waƙa su tafa su sake yin tsit. A wurinsu girmamawa ce. A wurin yaron da ya saba mata na guɗa a kunnensa kuwa, ya ɗauka kiɗan ne bai yi ba. Ina hango mai gangar yana neman ƙafar da zai kalla bai samu ba, kiɗan ya yi nauyi, ya ƙi tashi. A waƙa ta huɗu mai jita ta biyu ya saki jitarsa tana lilo a wuyansa, ya zo bakin dandamali ya fara tafi sama da kansa. Suka ɗauka, amma a nasu lissafin, ɗaya biyu uku huɗu, daram, ba inda matan Agadas ke sa shi ba. Na ga mai gangar ya ɗaga kai. Maimakon ya ja su zuwa nasa, sai ya matsar da dukan ƙafarsa ya same su inda suke, ya bar hannunsa na dama a kan uku-ukun gida. Wani kiɗa ya fito wanda ban taɓa jin sun yi ba, mai nauyi, mai taku. Wata dattijuwa mai furfura a gaba ta cire tabarau ta sa a aljihu ta fara juyi. Kafin a gama waƙar tururin jikin mutane ya taru a silin yana ɗigowa a kan miksata, sai da na rufe ta da tawul.

A wannan tafiyar na leƙa wasan masu rok mai nauyi, irin wanda jita ke gurnani mawaƙi na kururuwa. Za ka ga an buɗe da'ira a tsakiyar taro, samari na gudu suna bangazar juna. Daga nesa sai ka ce faɗa ne. Da na matsa na ga wani ya faɗi, kafin ya kai ƙasa sosai hannuwa sun ɗago shi, an dafa kafaɗarsa an tambaye shi lafiya, an ci gaba. Wani kuma ya tsinci takalmi ƙafa ɗaya, ya ɗaga shi sama yana zagayawa har mai shi ya gani. Suna da ƙa'idarsu, kuma suna kiyaye ta. Idan ba ka so, ka tsaya gefe, ba mai jan ka.

Abu biyu nake so ka ɗauka da muhimmanci, domin a kansu ba na wasa.

Na farko kunnenka. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 85 na tsawon sa'a takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Idan ka bi lissafin, a desibel 100 minti 15 ne kawai. Wasan rok kuwa a nan wajen yake zama, sa'a biyu ko fiye. 'Yan ƙungiyar The Who sun taɓa kai desibel 126 a wani wasa a Landan a 1976, mai jitarsu Pete Townshend ya daɗe yana fama da kunne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar kada wuraren wasa su wuce desibel 100 idan aka auna tsakaicin minti 15. Shuuu ɗin da ake ji bayan an tashi alama ce ta cewa ƙananan gashin da ke can cikin kunne sun jigata, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Abokan aikina da yawa yau sai ka ɗaga murya suke jin ka. Ka sayi abin toshe kunne na makaɗa, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dusashe sauti ba, ba shi da tsada. Kada ka tsaya a bakin lasifika. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da ita ƙarar na raguwa sosai.

Na biyu turmutsitsi. A Disambar 1979 mutum 11 suka mutu a ƙofar shiga wasan The Who a Sinsinati ta Amurka, saboda an tara dubban mutane ana rige-rigen wuri, ƙofofin da aka buɗe kuma kaɗan ne. A bikin Roskilde na Danmak a 2000 mutum 9 suka mutu a gaban dandamali lokacin da Pearl Jam ke wasa. A irin wannan yawanci matsi ne ke hana ƙirji buɗewa, mutum na tsaye numfashi ya gagare shi. Da ka shiga ka duba ƙofofin fita, har da waɗanda ba ta nan ka shigo ba. Idan ka ji ba ka iya ɗaga hannu zuwa fuskarka, ko taro na kai ka inda ba ka yi niyya ba, lokacin fita ya yi. Ka ɗaga hannuwanka a gaban ƙirji, kada ka yi dambe da igiyar mutane, ka riƙa zamewa gefe a karkace duk lokacin da ta lafa. Abin da ya faɗi ƙasa, ko waya ce, ka bar shi.

Za ka tarar ana shan giya a wurin, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma babu mai tilasta maka. Ruwa ka riƙa sha. Ka duba lokacin farawa ka tsara sallarka kafin ka shiga, don a lokacin zafi magariba a can takan kai ƙarfe tara ko goma. Maganar hukuncin kiɗa kuwa ta malamai ce, kai ka san inda ka tsaya.

Game da tikitin da abokanka ke so ka saya: idan na babban filin ƙwallo ne kuma kujerar can sama ce, ka sani allon talabijin za ka kalla, mawaƙin kuwa ɗan ɗigo ne a nesa. Da yawa cikin manyan wasannin yau an ɗaure su da kwamfuta, fitilu da bidiyo da wuta duk a kan agogo suke, mai ganga na bin ƙyas-ƙyas a kunnensa, ba shi da ikon ƙara gudu ko da fili ya kama da wuta. Abin kallo ne mai kyau, ban raina aikin da ke cikinsa ba, amma wasan jiya da na gobe duk ɗaya ne. Ni shawarata ka fara da ɗakin da bai wuce mutum ɗari biyar ko dubu ba, kuɗinsa ma bai kai rabi ba. Ka je da wuri ka ga makaɗan da ke buɗe wasa, su ne masu yunwa, sukan ba da duk abin da suke da shi. Ka nemi inda miksa take ka tsaya kusa da ita, domin daga nan aka daidaita sautin, nan ya fi daɗi a duk ɗakin. Ka ɗauki hoto ɗaya ko biyu ka mayar da waya aljihu. Mai jita yana gane bambancin fuskar mutum da bayan waya, kuma hannun da ke riƙe da waya ba ya tafi.

Ka kuma riƙa duba jadawalin garin da kake, domin Bombino da Mdou Moctar da Etran de l'Aïr da Les Filles de Illighadad duk suna zagaya Turai, kuma yawanci a irin waɗannan ƙananan ɗakuna suke wasa. Idan an tashi kada ka yi saurin fita. Ka je teburin da ake sayar da faifai da riguna a bakin ƙofa, sau da yawa makaɗan da kansu ke tsayawa a wurin. Ka yi musu sallama da Hausa, mutanen Agadas akasarinsu suna ji, za ka ga yadda fuskarsu za ta canja bayan makonni suna cikin baƙin harshe. Idan da hali ka sayi faifai hannu da hannu, don kuɗin teburin nan ne sau da yawa ke zuba wa motarsu mai zuwa gari na gaba.